Mallaka ko Haƙƙin Zama? Nazarin Kalmomin Shari'a a Cinikin Gidaje a Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki kalmomin da ake hulɗa da su a saye da sayarwa da riƙon gidajen zama a Kano, ta auna ma'anarsu a bakin jama'a da ma'anarsu a gaban alƙali. Hujjar da take kafawa ita ce kalmomin sun fito daga tushe uku, wato al'ada da fiƙihun Malikiyya da dokar gwamnati, kuma sau da yawa kalma ɗaya takan ɗauki nauyi dabam a kowane tushe. Mafi hatsari a cikinsu ita ce mallaka, domin abin da mai saye yake nufi da ita ya fi abin da doka ta ba shi faɗi.

1.0 Gabatarwa

Gida shi ne kadara mafi tsada da yawancin magidanta za su taɓa saya a rayuwarsu, amma akasarin cinikinsa da Hausa ake ƙulla shi a zaure ko a rumfar dillalai, alhali dokar da za ta yi hukunci a kansa da Ingilishi aka rubuta ta, littattafan da alƙalin kotun Shari'a zai buɗe kuwa da Larabci. Manufar maƙalar ita ce fayyace inda harsunan uku suka yi daidai da inda suka saɓa, tare da ba da shawara a kan wasu keɓaɓɓun kalmomi da ya kamata a daidaita. An taƙaita nazarin ga gidajen zama na cikin gari. Ba a taɓo gonaki ba sai inda kalma ta samo asali daga can.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan magabata

Rubutu a kan hukuncin ƙasa a wannan yanki ya girmi zuwan Turawa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasar da ba a raya ba, alƙalai kuma sun dogara da Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wajen hukuncin ciniki da jingina da kyauta.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kwamitinsu na sha'anin ƙasa da ya zauna a Landan a 1908 ya tsaya a kan cewa ƙasar Arewa ba ta san mallakar mutum ɗaya a kan fili ba. A kan wannan fahimta aka gina dokar 1910 da ta 1916, waɗanda suka sanya ƙasa a hannun Gwamna, sannan dokar Jihar Arewa ta 1962 ta gaje su. Rahoton Rowling na 1949 a kan Lardin Kano da littafin Meek na 1957 sun bayyana yadda ake aro da jingina da sayarwa a aikace. Polly Hill, a aikinta na 1972 a kan Batagarawa da na 1977 a kan karkarar Kano, ta nuna cewa sayar da gona tsohuwar ɗabi'a ce a tsakanin manoma, abin da ke raunana matsayar kwamitin 1908.

Ta fuskar harshe, ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun kawo kalmomin ciniki da ma'anarsu ta yau da kullum. Giɓin da ya rage shi ne masana doka sun yi nazarin hukunci ba tare da kula da kalmar da mai saye ya ji ba, masana harshe kuma sun kawo kalmar ba tare da hukuncin da ke rataye da ita ba.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatanci. Kowace kalma an duba ta a wurare uku: yadda dillalai da masu unguwanni da masu saye suke amfani da ita, yadda littattafan Malikiyya suka iyakance ta, da yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli suka fassara abin da ke madadinta. Inda babu kalmar Hausa da ta zauna, an ƙirƙiro ta hanyar siffantawa.

4.0 Nazari

4.1 Mallaka

A fiƙihu, wanda ya mallaki gida ya mallaki zatinsa da amfaninsa, ƙasa da gini, ba tare da wa'adi ba. Yana iya sayarwa ko bayarwa ko yin waƙafi ba tare da neman yardar kowa ba. Wannan ita ce ma'anar da Bahaushe yake ɗauke da ita idan ya ce gidan nan mallakina ne, halak malak.

Dokar 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a watan Maris na shekarar, ba ta san wannan ma'ana ba. Sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar jiha ga Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Abin da mutum yake samu haƙƙin zama ne, kuma iri biyu ne: wanda Gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin sashe na 5, da na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wajen birni a ƙarƙashin sashe na 6. Na farkon yana da wa'adi, wanda a al'adar ma'aikatun ƙasa shekara 99 ne ga gidan zama, ana kuma biyan kuɗin ƙasa a kansa duk shekara. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin saboda maslahar jama'a, kamar fitar da hanya ko gina makaranta, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta gini ce da shuke-shuke da sauran abin da aka raya, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Nan ne tushen kukan da ake ji duk lokacin da aka yi rusau: mai gida yana lissafin kuɗin da ya sayi fili, jami'in ƙiyasi yana lissafin bulo da kwano. Tunda sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare dokar, gyara ta sai an bi matakan gyaran Tsarin Mulki.

Saboda haka fassarar da ta yaɗu a rediyo da jaridu, wato takardar shaidar mallaka a madadin C of O, satifiket ɗin da Gwamna ke bayarwa a kan haƙƙin zama, fassara ce mai ɓatarwa ta fuska biyu. Na farko, takardar ba mallaka take shaidawa ba, zama take shaidawa. Na biyu, ba hujja ce yankakkiya ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa takardar shaida ce ta farko kawai, kuma tana faɗuwa idan wani ya kawo hujjar haƙƙin da ya riga ta. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da haƙƙi a kan fili, takarda kuwa ɗaya ce kacal a cikinsu, tare da tarihin gado da daɗewar riƙo da sauransu. Wanda ya sayi gida saboda an nuna masa satifiket, bai bincika yadda mai sayarwa ya samu filin ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai kuma rukunin da jama'a ba su da suna gare shi sam. Gidajen cikin ganuwa da aka gada tun kaka da kakanni, waɗanda ba su taɓa ganin takardar gwamnati ba, sashe na 34 ya ɗauke su tamkar Gwamna ne ya ba masu su haƙƙin zama. Ana iya kiran wannan ƙaddararren haƙƙi. Amfaninsa shi ne rashin satifiket ba ya rushe haƙƙin mai gidan Yakasai ko Mandawari. Nauyinsa kuwa zai bayyana a sashe na gaba.

4.2 Ƙulla ciniki: tayi, sallama da amincewar Gwamna

Harshen kasuwa a nan ya yi daidai da fiƙihu ƙwarai. Mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka har farashi ya kai inda yake so, sannan ya ce ya sallama. Wannan shi ne ijabi da ƙabuli, kuma a wajen Malikiyya ciniki ya ƙullu da zarar an furta su, domin mazhabar ba ta yi aiki da zaɓin majalisi ba, wato damar janyewa kafin a tashi daga wurin zama. Janyewa bayan haka sai da yardar ɗaya ɓangaren, wadda ake kira iƙala, ko kuma idan an sami aibin da aka ɓoye, kamar tsagewar da aka shafe da filasta ko gidan da ruwa ke ci duk damina.

Daga nan sai a rubuta takarda. Siffarta sananniya ce: fallen takarda mai layi ko wadda aka buga a shagon kwamfuta, ta fara da sunan Allah, ta ce wane ya sayar wa wane gidansa da ke unguwa kaza a kan kuɗi kaza, lakadan ba ajalan ba, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da lungu, kudu da kango, arewa da titi. Shaidu biyu ko uku daga kowane ɓangare su sa hannu ko su dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, wani lokaci a kai wa dagaci da hakimi. Dillali ya karɓi la'adarsa, a yi addu'a, a watse. A idon duk wanda ya halarta, magana ta ƙare.

A idon doka ba ta ƙare ba. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama ya miƙa shi ga wani ta hanyar sayarwa ko jingina ba tare da amincewar Gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin dokar ɓatacce ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta ce wannan sharaɗi ya hau har kan masu ƙaddararren haƙƙi. Daga baya, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta sassauta, ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla kafin a sami amincewa ba haramtacciya ba ce, tana nan a rataye har amincewar ta fito. Ke nan hatimin mai unguwa shaida ne mai ƙarfi a kan cewa an yi ciniki kuma an san mai gidan, amma ba ya sauya sunan da ke cikin rajistar ma'aikatar ƙasa. Abin da ke sauya shi takardar miƙa haƙƙi ce, wadda lauya ke tsarawa, a biya harajin hatimi, Gwamna ko wanda ya wakilta ya amince, a yi mata rajista.

Domin kauce wa tsadar wannan hanya da jinkirinta, mutane da yawa sukan tsaya a takardar wakilci, inda mai sayarwa yake naɗa mai saye wakilinsa a kan gidan. Sunanta ma ya isa gargaɗi. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wakilci ba ya miƙa haƙƙi, izini ne kawai na yin aiki da sunan wani. Gida yakan bi ta hannu huɗu ko biyar a haka, sunan mutumin farko yana nan a fayil, sai ranar da magadansa suka taso a gane raunin igiyar.

4.3 Kafin alƙalami

Kuɗin da mai saye ke ajiyewa don a riƙe masa gida shi ne kafin alƙalami. Rigimarsa takan taso idan cinikin ya watse. Idan an sharɗanta cewa kuɗin ya zama na mai gida matuƙar mai saye ya fasa, wannan shi ne cinikin arbuni, wanda Imamu Malik ya kawo haninsa a Muwaɗɗa, ko da yake Hambaliyya sun halatta shi. Idan kuwa kuɗin wani yanki ne na farashi da za a mayar in an fasa, babu saɓani a kan halascinsa. Dokar kwangila da aka gada daga Ingila ta bambanta ajiyar tabbaci, wadda mai fasawa ke iya rasawa, da biyan wani ɓangare, wanda ake mayarwa. Kalmar Hausa ɗaya ta rufe duka biyun, don haka wajibi ne takarda ta faɗi makomar kuɗin ƙarara.

4.4 Awon igiya da awon gwamnati

Waɗannan kalmomi biyu na cikin mafi daidaito da jama'a suka ƙirƙira da kansu. Awon igiya shi ne gonar da mai ita ko dillalai suka yanyanka fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, kuma da haka unguwanni da dama na gefen Kano suka tashi. Awon gwamnati shi ne shimfiɗar da hukuma ta tsara, mai lambar fuloti da duwatsun safiyo da hanyoyi. Bambancin farashinsu ya nuna kasuwa ta fahimci bambancin hatsarinsu. Abin da ba a cika fahimta ba shi ne takardar ba da fili da ake fara miƙa wa mutum a awon gwamnati tana ɗauke da sharuɗɗa, ciki har da gina filin a cikin wa'adi da biyan kuɗin ƙasa, kuma saɓa musu dalili ne na sokewa.

4.5 Jingina

Jingina ta gargajiya daga gona ta fito: mai bukata ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta nomawa har ranar fansa. Rahani na fiƙihu ya yi tarayya da ita a sharaɗin karɓa, domin a Malikiyya mai bin bashi ba ya samun fifiko a kan sauran masu bi sai abin ya shiga hannunsa ko hannun amintacce. Sun rabu a wajen cin amfani: idan bashin rance ne, sharɗanta wa mai rance zama a gidan ko karɓar hayarsa riba ce. Wannan hukunci ya shafi abin da ake yi yau a birni, inda mai gida ke karɓar dunƙulen kuɗi ya ba mutum ɗaki ko shago ya zauna kyauta har a mayar masa da kuɗinsa cif.

Jinginar banki kuwa ta juya tsarin gaba ɗaya. Mai gida yana zaune a gidansa, takardu ne ke hannun banki, kuma idan biya ya gagara banki na iya sayar da gidan. Wanda ya shiga da tunanin cewa jingina ba ta cin kadara, ko shekara nawa ta yi ana iya fansa, ya shiga da fahimtar da ba ta aiki a nan. Ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, su ne suka fi bukatar a bambance musu. Shawarar maƙalar ita ce a riƙa cewa jinginar riƙo ga ta farko, jinginar takarda ga ta banki.

4.6 Shuf'a

Akwai fahimta mai yawo cewa maƙwabci yana da haƙƙin a fara yi masa tayi, har ma ya ƙwace cinikin idan an tsallake shi. Wannan ra'ayin Hanafiyya ne. A Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a kadarar da ba a raba ba, kuma da zarar an ja iyaka an fitar da hanya ta faɗi. Misalinta na kullum shi ne gidan gado: ɗaya daga cikin magada ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sai sauran su sami damar mayar wa baren kuɗinsa su karɓi rabon, kowa gwargwadon kasonsa. Wanda yake gari, ya san da cinikin, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa. Fara tuntuɓar maƙwabci kyakkyawar mu'amala ce, ba sharaɗin ingancin ciniki ba ce.

4.7 Hauzi, kyauta da gado

Hauzi na da fuska biyu a shari'ar gidaje. Ta farko ita ce daɗewar riƙo. Idan bare ya riƙe gida shekara 10 yana gini yana rushewa kamar nasa, mai da'awa yana nan yana gani, babu abin da ya hana shi magana, ba za a saurari da'awarsa ba bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, domin an san ɗan'uwa yakan yi kawaici. Sai dai wanda ya shiga ta hanyar aro ko haya ko jingina, daɗewa ba ta mayar da shi mai gida.

Fuska ta biyu ita ce karɓa a kyauta, kuma a nan ne gidaje da yawa ke komawa kotu. Mahaifi ya tara shaidu ya ce ya ba 'yarsa ko matarsa gidan da yake ciki, ya ci gaba da zama a ciki har ajali ya riske shi. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali ta ɓaci, gidan ya koma cikin gado. Ko da wanda aka ba ƙaramin yaro ne da uba ke karɓa a madadinsa, idan gidan zaman uban ne sai ya fita daga cikinsa. Ba za a kuma ceto kyautar da sunan wasiyya ba, tunda wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda.

A rabon gado, al'adar kotuna ita ce a yi wa gida kuɗi, a fitar da tumunin takaba ga matar da mijinta ya bar 'ya'ya, a raba saura bisa ƙa'ida, sannan ko a sayar ko a tsaga. Tsagawar tana da sharaɗin da ba a cika ambata ba: sashe na 24 na dokar 1978 ya hana raba haƙƙin da Gwamna ya bayar gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi sai da amincewar Gwamna. Takardar rabon gado daga kotun Shari'a tana tabbatar da kason kowa, amma sai an kai ta ma'aikatar ƙasa kafin fayil ya san an yi rabo. Haka kuma hurumin kotunan ya rabu: gado da kyauta da wasiyya da waƙafi na cikin abin da sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, jayayya a kan haƙƙin zaman da Gwamna ya bayar kuwa sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe ta ga Babbar Kotu. Ƙarar da aka kai inda ba huruminta ba, ko an yi nasara, ana iya rushe hukuncin a sama bayan shekaru.

5.0 Shawara a kan daidaita kalmomi

Ba kowace kalma ce ke bukatar gyara ba. La'ada da awon igiya da iƙala da tumuni suna aikinsu daidai, kuma maye gurbinsu da sababbin ƙirƙira ɓata lokaci ne. Gyaran ya kamata ya tsaya inda kalma ke sa mutum ya ɗauka yana da abin da ba shi da shi. A kan wannan ma'auni ake ba da shawarar a riƙa cewa takardar shaidar haƙƙin zama a maimakon takardar mallaka, a ware takardar cinikin unguwa da takardar miƙa haƙƙi da takardar wakilci kowace da sunanta, a kuma raba jingina gida biyu kamar yadda aka nuna a 4.5.

Ana iya cewa sunan da ya riga ya kama baki ba ya sauyuwa da shawarar masana, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kalmomin hukuma ta ƙofa ƙalilan suke shiga bakin jama'a: sanarwar rediyo, fom ɗin hukumar KANGIS mai kula da bayanan filaye a Kano da takwarorinta na sauran jihohi, da bakin tafintan kotu. Idan sassan Hausa na jami'o'i da tsangayoyin shari'a da ma'aikatar ƙasa suka zauna suka fitar da fom ɗin ciniki guda cikin Hausa, mai gurbin lambar fayil da makomar kafin alƙalami da sunayen sauran magada da bayanin wanda zai nemo amincewar Gwamna, masu unguwanni za su iya amfani da shi a zaurukansu ba tare da an sauya ko sashe ɗaya na dokar 1978 ba.